Baban Zaure da Bashin Gidanmu

Gidanmu na Zangon Kumasi ba gidan da mai wucewa zai tsaya ya kalla ba ne. Ƙananan ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, da rufin kwano da tsatsa ta mayar ja, sai zaure a bakin lungu. Kakana ne ya gina shi lokacin da goro ke da daraja, ya mai da shi masaukin fatake masu zuwa daga arewa. Cinikin goro ya ja baya, fatake suka daina zuwa, kakan ma ya koma ga Allah tun ina 'yar firamare. Abin da ya rage mana daga wancan zamani mutum ɗaya ne, wanda muke kira Baban Zaure.

Bazabarme ne daga Nijar. Ya zo sarin goro yana saurayi, ya sauka a hannun kakana da niyyar ya bi motar Juma'a ya koma. Abin da ya hana shi bin motar, kowa da labarin da yake bayarwa. Wasu su ce goron ne ya lalace masa ya ji kunyar komawa hannu biyu, wasu su ce wata mace ce a Kumasi ta riƙe masa zuciya sannan ta auri wani. Ni ban taɓa tambayarsa ba, domin a gidanmu ba a tambayar baƙo abin da ya zaunar da shi, ba a kuma tambayarsa yaushe zai tafi. Ɗan baffana, wanda muka tashi tare, ya taɓa gwadawa yana yaro, ya leƙa zaure ya ce, "Baba, yaushe motar taka za ta zo?" Kakarmu ta jawo shi da kunne tun daga zaure har murhu, kuma daga ranar duk yaran gidan muka haddace dokar.

Shi ma Baban Zaure yana da nasa dokokin, waɗanda ba wanda ya sa masa. Kayansa na cikin akwatin ƙarfe, ko da yaushe a ninke, kamar wanda za a kira yanzu a ce mota ta cika saura mutum ɗaya. Bai taɓa buga ƙusa a bangon ɗakin da ke jikin zaure ba, wai baƙo ba ya huda bangon mutane. Da safe ya share zaure, ya ɗauki farantin carbi da turare ya tafi ƙofar masallaci. Da yamma a kai masa kwanon tuwo daga tukunyar gida. Kakata ta kai wannan kwano har ƙarfinta ya ƙare, Mma mahaifiyata ta karɓa. Ni kuwa shi ya riƙa goya ni a kafaɗa ya kai ni makarantar allo, kuma har na girma na zama ungozoma a asibiti, na yi aure, auren ya mutu, na dawo gida da 'ya'ya biyu, bai daina kirana "ɗiyan maigida" ba. Hausarsa ta wanda ya koya da girma ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

Da babban baffanmu ya rasu, wanda shi ne ke riƙe da gidan bayan kaka da mahaifina, sai magada suka ce a raba gado. Ban ga laifinsu ba. Yawancinsu sun daɗe da barin Zango, wasu na Ankara babban birnin ƙasa, wasu na Turai, kowa da buƙatarsa. Malamai suka zauna suka fitar da rabon kowa, aka ce a sayar da gidan a raba kuɗin. Wani ɗan kasuwa har ya zo ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da makullin motarsa, yana cewa nan za a fasa a yi shaguna. Ina tsaye ina kallonsa. A taron dangi na miƙe na ce ni zan saya, a bar mini rabon mahaifina a ciki, in biya sauran magada nasu.

Ɗan baffan nan nawa ya yi dariya har da buga cinya. "Ke? Da albashin kama jarirai?"

Na ce masa, "Jariran da nake kamawa ba sa ƙarewa a Kumasi. Kai dai ka tanadi aljihu."

Na faɗi maganar da ƙarfi, amma da na koma ɗaki na zauna, lissafi ya ƙi fita. Abin da na tara a susu, wato adashenmu na matan asibiti, ko rabin hanya bai kai ni ba. Dole sai banki.

Matar da ta karɓe ni a banki Ba'ashantiya ce mai fara'a, kuma ashe ni na karɓi haihuwar ƙanwarta, don haka da "Maame nas", wato uwa nas a yarensu, ta tarbe ni, ta sa aka kawo mini ruwa. Ta shimfiɗa mini hanyoyi biyu ba tare da ɓoye komai ba. Ta farko bashin jinginar gida: banki ya biya, ya riƙe takardun gidan, ni kuma in riƙa biya kaɗan kaɗan har tsawon shekaru masu yawa. Ruwansa ya fi sauƙi, kuma za a iya ƙara mini abin da zan sauya rufi in gyara ɗakuna. Ta biyu bashin albashi: ba ruwansu da gida, albashina kawai suka sani, za su riƙa yankar rabonsu tun kafin ya iso hannuna. Ruwansa mai zafi, wa'adinsa gajere, kuma iyakar abin da za su ba ni shi ne abin da zai sallami magada, ko kwanon rufi ɗaya ba zai saya ba.

Duka biyun da ruwa a ciki, wannan na sani, kuma ban taɓa gaya wa kaina cewa babu ba. Na kai maganar gaban malaminmu, ya faɗa mini abin da littafi ya ce, na ji, na yi istigfari, na kuma ci gaba, domin ban ga wata ƙofa ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne.

In don lissafi ne, ko yaro ya san wanda zai ɗauka. Wata abokiyar aikina jingina ta yi, tana zaune a Oforikrom cikin gida mai fenti, ba ta taɓa nadama ba. Ni ma jinginar na zaɓa. Na dawo gida ina tafe ina gina bene a kaina, har na gaya wa Mma ta kwana da shirin rabuwa da robobin da take tarar yoyo da su.

Banki ya turo wani mutum ya duba gidan. Ya auna, ya ɗauki hoto, ya tambayi wane ne a kowane ɗaki. Nan Mma, nan ni da yara, nan 'yan haya biyu masu takardar haya. Da ya zo ɗakin zaure ya ce wannan fa? Na ce baƙonmu ne. Ya ce tun yaushe? Na ce tun kafin a haife ni. Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba, ya rubuta abin da zai rubuta ya tafi.

Bayan kwanaki matar banki ta kira ni. Ta ce komai ya yi daidai, saura abu ɗaya. Duk babban mutum da ke zaune a gidan da za a jinginar, wanda ba mai gida ba kuma ba ɗan haya ba, sai ya sa hannu a takarda cewa ba shi da haƙƙi a gidan, kuma duk ranar da banki ya buƙaci gidan zai fita. Mma ma za ta sa, ta ce, ba tsohon kaɗai ba.

"Maame nas, kar ki damu," in ji ta. "Mu ma a gidajenmu na gado akwai irinsu. Takarda ce kawai. Idan kina biya, ba wanda zai taɓa buɗe ta."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba da mugunta ba. Na karɓi takardar na sa a jaka.

Mma ta dangwala nata yatsan ba gardama, tana cewa ita uwar mai gida ce, in aka kore ni ai tare za mu fita. Da na ce saura Baban Zaure, sai ta ci gaba da tsince shinkafar da take dafawa da wake ta sayar da safe. Na ce, "Mma, ki ce wani abu mana."

Ta ce, "Me zan ce? Gidan ubanki ne, ke kika san abin da kika ɗauko. Ɗakina na yoyo, ba ƙarya. Kwanonsa kuma daga hannun kakarki na karɓa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Haka Mma take, ta ɗora maka kaya a ka sannan ta ce ita ba ta ce komai ba.

Bayan la'asar na same shi a zaure a kan buzunsa, yana zura carbi a zare. Na durƙusa na gaishe shi, na ce banki ne ke son ya dangwala yatsa a wata takarda don maganar gida. Ko ɗaga gira bai yi ba. Ya ajiye zaren, ya goge babban yatsansa a gefen riga, ya miƙo mini.

"Abin da ɗiyan maigida ya ce, shi ke nan. Amma ka karanta mini, in san abin da yatsana ya faɗi."

Na buɗe takardar. Da Turanci aka rubuta ta, kuma a Turancin ba ta da wani zafi, na karanta ta a trotro, motar hayarmu, ban ji komai ba. Amma yanzu sai in faɗa masa da bakina, da Hausar da ya goya ni da ita, a cikin zauren da ya share tun ban zo duniya ba, cewa ba shi da komai a gidan nan, kuma akwai ranar da za a iya cewa ya tashi. Abin da kakana bai faɗa ba, kakata ta ja kunnen jikanta a kansa, mahaifina da baffannina suka mutu ba su faɗa ba, ni ce zan fara. Yatsan nan na miƙe a gabana, ga akwatin ƙarfe a bayansa a rufe. Na san in na faɗa zai dangwala, ba zai ce uffan ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Na ninke takardar na ce, "Baba, na ɗauko wadda ba ita ba. Sai wani lokaci."

Ya dube ni ɗan jim, ya mai da yatsansa, ya ɗauki zarensa. "To, Allah ya kai mu," ya ce.

Washegari na koma banki na ce bashin albashi nake so. Matar ta cire tabarau ta ce in zauna tukuna. Ta sake nuna mini abin da zai rage a albashina kowane wata, ta ce da yara biyu da tsohuwa wannan wuya ce nake saya da kuɗina. Na ce na gani. Ta ce saboda sa hannu ɗaya? Na ce saboda shi. Ta girgiza kai ta yi wata magana da Ashantanci wadda ma'anarta mu 'yan Zango kanmu da tauri, na ce ai ba yau aka fara faɗa ba, muka yi dariya, ta ba ni takardun.

Aka sallami magada, kowa ya kama gabansa. Ɗan baffana ya sayi fili can gaba da Sofoline, ya zo yi mini sallama yana kallon rufinmu. Labarin takardar ya riga ya kai masa, domin a Zango ko tari ka yi a ɗaka sai an ji a bakin titi. Ya ce, "Kin sayi tsohon kwano da tsohon mutum, kin bar bene." Na ce, "Kunnen naka ya warke ne?" Ya juya ya tafi.

Shekaru huɗu na yi a cikin bashin nan, kuma ba zan yi ƙarya in ce da daɗi ba. Ranar albashi ta zama ranar ɓacin rai, saƙo ya shigo waya in duba in ga abin da suka bar mini, in yi tsaki in mai da wayar jaka. Na daina shiga tasi, in trotro ya yi tsada in taka da ƙafa har asibiti. Na karɓi aikin ƙarin lokaci har abokan aiki suka ce ko a ɗakin haihuwa aka binne cibiyata. Bikin Zango kuwa ba ya ƙarewa, kowane mako da atamfar yayi da za a fitar, ni kuma na shiga cewa ina aiki ranar. Mata suka gane, wasu suka tausaya, wasu suka sa ni a bakinsu. Wata ta ce mini a gidan suna, "Hajiya mai gida, wannan leshin ai mun san shi." Na ce, "Shi ma ya san ku."

Damina ce ta fi ba ni kunya. Ruwan Kumasi ba ya sallama, in ya sauko sai Mma ta jera robobi a ɗaki, ɗigon na buga su kowace da muryarta. Ba ta taɓa ce mini kin gani ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Akwai ranar da na tsaya a ƙofarta ina kallon tana matsar da katifa, na ce a raina anya ban zalunci tsohuwar nan don wani tsoho ba? Har yau ban da cikakkiyar amsa. Na dai sayi kwano ɗaya ɗaya duk lokacin da susu ya zagayo kaina, ɗakinta aka fara rufewa.

A shekara ta biyu Baban Zaure ya tsiro da azumi. Da ma yana yin Litinin da Alhamis, sai ga Talata ta shigo, sai Asabar. Kuma wai in ya yi azumi a masallaci yake buɗa baki, kada a kai masa kwano. Na yi kwanaki ina yaba ibadarsa, sai wata Talata ina dawowa daga aiki da rana na hango shi a bayan masallaci yana jiƙa gari da ruwa a gwangwani. Ashe tukunyarmu yake ragewa nauyi.

Ban san lokacin da na isa kansa ba. Na manta da gaisuwa, na manta a titi muke. Na ce, "Baba, ni za ka ci wa fuska? Na hana kaina atamfa, na hana uwata rufi, don ka zo bayan masallaci ka sha gari mutane su ce gidan kakana ya kasa ciyar da baƙo? Wallahi yau kwano biyu za a kawo maka, kuma ina zaune za ka cinye."

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Can ya ce, "Kai da kakanka duk ɗaya, faɗa kamar ana yaƙi." Daga ranar azuminsa ya koma Litinin da Alhamis. Maganar takarda kuwa bai taɓa tayar mini da ita ba, ni ma ban tayar ba, ko da yake na tabbata ya san komai, mai zama a zaure ba abin da ke wuce shi.

Watan da albashina ya shigo cikakke, ba a yanki ko sisi ba, na tsaya a tsakar gida na ɗaga wayar sama na rangaɗa guɗa, ni da ban iya guɗa ba. Mma ta fito ta kama ni muka yi kuka, 'yan haya suka fito suna tafi, yarana suna tambaya ko yanzu za a sayi kaza. Na ji kaina ya yi girma ranar, kuma ban nemi ya ragu ba. Mace ɗaya, da albashin kama jarirai, ta riƙe gidan kakanta, ba takardarsa a hannun kowa, ba kuma wanda aka ce wa ya tashi.

Juma'ar da ta biyo baya ina hutu. Da hantsi 'yata ta shigo da gudu ta ce Baban Zaure ya fitar da akwatinsa waje. Na fito ba ɗankwali. Ɗakin zaure a buɗe, an share shi tas, buzu a naɗe. Shi kuwa yana tsaye a lungu, a wajen ƙofa, cikin farar rigarsa ta Idi, buta a hannu, akwatin ƙarfe a gefen ƙafarsa. Maƙwabta sun fara taruwa.

Juma'a ce. Na ce a raina, wato sai da na gama shan wuyar nan motar tasa za ta zo? Baƙin ciki da fushi suka taso mini tare, na buɗe baki zan fara, sai ya ɗaga murya kamar wanda bai taɓa ganina ba.

"Salamu alaikum! Salamu alaikum, masu gida!"

Mma ta zo bayana ta dafa ni, ta ce a hankali, "Ki amsa masa. Wanda ya sauke shi ya rasu, magada sun watse. Sabon masauki yake nema."

Na ce, "Wa alaikumus salam."

"Ina maigida?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ga ni."

"Baƙo ne daga arewa," ya ce. "Ya zo da nisa. Ana ba da masauki a nan?"

Abin da na ji kakata na cewa kakana kan faɗa wa fatake, shi ya zo bakina. Na ce, "Shigo ka sha ruwa. Ɗaki na nan."

Ya tsallako ƙofar da ƙafar dama. Na sunkuya na ɗauki akwatin da kaina, na hana samarin lungu taɓawa, na kai shi inda yake tun da. 'Yata ta kawo ruwa a kofi, ya zauna a bakin ɗaki ya sha, ya yi hamdala, sannan ya ɗago yana kallona, idonsa ya yi ja amma bakinsa na murmushi.

"Maigida," ya ce, "ba ka tambaye ni kwana nawa zan yi ba."

Na ce, "A gidana ba a tambaya."